Wa ake rubuta wa? Nazari kan Jennifer Nansubuga Makumbi ta Yuganda

A ranar 13 ga Yuni, 2014, aka sanar a birnin Kampala cewa wata 'yar Yuganda mazauniyar Manchester ce ta zo ta ɗaya a gasar gajerun labarai ta ƙasashe renon Ingila. Labarai kusan 4,000 aka shigar a gasar ta wannan shekara, daga Afirka da Asiya da Turai da Kanada da tsibiran Karebiyan da na Fasifik. Alƙalai suka tace, suka rairaye, nata ya rage. Sunanta Jennifer Nansubuga Makumbi, kyautar kuma fam 5,000. A lokacin ta haura shekara 45 da haihuwa, ta kuma shafe fiye da shekara 10 tana aika rubutunta ga dillalan adabi da kamfanonin ɗab'i na Ingila suna mayar mata da shi.

Abin da ya sa na ga lamarin wannan baiwar Allah ya cancanci a zauna a yi masa filla-filla shi ne wata shawara guda da ta yanke tun ba a san ta ba. Ta yanke cewa mutumin Yuganda ne mai karatunta na farko, shi take wa magana, saura kuma duk wanda ya zo ya tarar ana hira sai ya samu wuri ya zauna ya saurara. Wannan shawara ta jawo mata asarar shekaru. Ita ce kuma ta sa rubutunta ya fita daban a lokacin da ƙofa ta buɗe.

Mengo, 1967

An haife ta a 1967, a Mengo ta Kampala. Ga wanda bai san Yuganda ba, Mengo ita ce unguwar fadar Kabaka, wato sarkin Buganda, masarauta mafi girma a ƙasar. Shekara ɗaya kafin haihuwarta, a 1966, Shugaba Milton Obote ya tura soja ƙarƙashin Idi Amin suka afka wa fadar, Kabaka Mutesa na biyu ya tsere zuwa Landan, inda ya rasu a 1969. A shekarar da aka haife ta kuwa, sabon tsarin mulki ya rushe masarautun ƙasar baki ɗaya. Ba a maido da sarautar Buganda ba sai a 1993. Ke nan ta yi ƙuruciyarta da 'yammatancinta a cikin al'ummar da aka hana ta sarkinta, ba abin da ya rage a hannunta sai harshe da dangi da tatsuniya.

Iyayenta sun rabu tana ƙarama ƙwarai. Ta ɗan zauna wurin kakanta, inda ta sha tatsuniyoyin Baganda, wato mutanen Buganda, daga baya kuma gwaggonta ta riƙe ta. Mahaifinta ma'aikacin banki ne mai son karatu, shi ya fara haɗa ta da littattafan Turanci. A zamanin mulkin Amin, wanda ya ɗauki shekarun 1971 zuwa 1979, aka kama shi aka azabtar da shi. Ya fito da ransa, amma hankalinsa bai dawo daidai ba har ƙarshen rayuwarsa.

Ina ganin duk wanda zai karanta Makumbi ya kamata ya riƙe wannan a ransa. Taɓin hankali yana ratsa babban littafinta daga farko har ƙarshe, kuma ba ta taɓa yanke wa mai karatu hukunci a kan tushensa: baki ne aka yi wa zuri'a, ko ciwo ne da ake gado a jini, ko kuwa azabar zamani ce ta fi ƙarfin ƙwaƙwalwa? Yarinyar da ta ga mahaifinta ya fita lafiya ya dawo wani mutum daban ta san cewa a cikin gida ɗaya ana iya samun masu riƙe da duka amsoshin uku.

Zamanin ma bai yi wa adabi daɗi ba. Kampala ce ta karɓi babban taron marubutan Afirka a Jami'ar Makerere a 1962, a nan aka kafa mujallar Transition a 1961, ƙasar ce kuma ta haifi marubucin waƙoƙi Okot p'Bitek. Mulkin soja ya tarwatsa wannan duka. Wasu marubuta suka gudu Nairobi, wasu suka yi gum, marubucin wasan kwaikwayo Byron Kawadwa kuma aka kashe shi a 1977. Sai a tsakiyar shekarun 1990 abubuwa suka fara farfaɗowa, musamman da Mary Karooro Okurut da wasu mata suka kafa ƙungiyar marubuta mata ta FEMRITE. Daga wannan farfaɗowa ne aka samu irin su Monica Arac de Nyeko, wadda ta lashe gasar Caine ta gajerun labaran Afirka a 2007, da Beatrice Lamwaka da ta kai zagayen ƙarshe na gasar a 2011. Doreen Baingana ma ta ci kyautar littafin farko na yankin Afirka a gasar ƙasashe renon Ingila a 2006, da tarin gajerun labarai. Mata ne suka ɗauko gajeren labarin Yuganda suka kai shi idon duniya, Makumbi kuma ta zo ta tarar an share wani ɓangare na hanya.

Mbale, alli da allo

Ta yi sakandare a Trinity College Nabbingo, makarantar 'yan mata ta Katolika, sannan King's College Budo, ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun ƙasar. A sakandare ta fara rubutu, kuma da wasan kwaikwayo ta fara, irin wanda ɗalibai ke shiryawa a gasar gidaje. Wannan asali bai bar ta ba. Har yau ƙarfinta yana cikin maganar baki: ta tara mutane a wuri ɗaya, ta bar su su yi ta musayar kalma har gaskiya ta fito.

Digirinta na farko a fannin koyar da Turanci da adabi ta yi shi, a Jami'ar Musulunci ta Yuganda da ke Mbale, can gabashin ƙasar a gindin dutsen Elgon. Wannan jami'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita da Jami'ar Musulunci ta Say a Jamhuriyar Nijar tagwaye ne, domin a taron ƙolin ƙasashen Musulmi na Lahore a 1974 aka yanke shawarar kafa su, kuma ɗaliban arewacin Nijeriya da dama sun yi karatu a Mbale. Makumbi Kirista ce, ta yi karatunta a can, har ta riƙe aikin editan mujallar jami'ar.

Daga nan sai aji. Ta yi shekaru tana koyar da Turanci da adabi a makarantun sakandare na Kampala, tana rubutu a gefe. A 2001 ta tafi Ingila, ta yi digiri na biyu a fannin ƙirƙirar rubutu a Jami'ar Manchester Metropolitan, daga baya ta yi digirin digirgir a Jami'ar Lancaster. Ta bar gida tana da shekara 34, malama mai aikinta da mutuncinta, ta je ta koma baƙuwa kuma ɗaliba.

Littafin da aka ce ya cika zama na Afirka

Littafin farko da ta rubuta labarin wata yarinya ce mai neman mahaifiyarta. Ta aika shi ga dillalan adabi, aka ƙi. Ta gyara ta sake aikawa, aka sake ƙi. Bayan an yi haka sau da dama sai ta ajiye shi, ta duƙufa kan wani aikin da ya ci mata kusan shekara 10, wanda kuma shi ne ya zama kundin digirinta na uku. Shi ne Kintu.

A tatsuniyar asalin Baganda, Kintu shi ne mutum na farko a doron ƙasa, mijin Nambi 'yar Ggulu mai sama. Makumbi ta ari sunan ta ba wani hakimi, Kintu Kidda, mai riƙe da lardin Buddu a shekarar 1750. Littafin yana buɗewa ne a Bwaise, wata unguwar talakawa a Kampala, a farkon 2004, inda taron jama'a suka yi wa wani jikan zuri'ar ihun ɓarawo suka kashe shi. Daga nan sai labari ya koma baya shekara 250. Kintu Kidda ya kama hanyar fada don yin mubaya'a ga sabon Kabaka. A hanya ɗan riƙonsa Kalema, wanda mahaifinsa baƙo ne daga Ruwanda, ya sha ruwa da ƙoƙon hakimi, abin da al'ada ta hana. Kintu ya mare shi, yaro ya faɗi ya mutu. Aka binne shi a gurguje, Kintu kuma ya kasa buɗe baki ya faɗa wa uban yaron gaskiya. Da uban ya gane, sai ya yi wa Kintu da zuri'arsa baki. Sauran littafin bin sawun wannan baki ne a jikin jikoki: mace mai fama da fatalwar 'yar tagwaicinta, tsoho mai tsananin kishin coci, magidanci mai tsoron cewa yana ɗauke da cutar ƙanjamau, da wani masani da ya yi karatu a Turai ya dawo ya binne yawancin 'ya'yansa.

Akwai abubuwa a ciki da Bahaushe zai gane ba sai an yi masa tafinta ba. Yadda muke da Hassana da Usaina, haka Baganda suke da Babirye da Nnakato, kuma matan Kintu biyu tagwaye ne masu waɗannan sunaye, ɗaya yana so, ɗaya kuma ita ke haihuwa. Kishi, riƙo, gado, matsayin baƙo a gidan sarauta, nauyin baki wajen faɗar mutuwa, duk suna nan.

Kamfanonin ɗab'i na Landan suka ƙi shi. Kamar yadda ita kanta ta sha faɗa, dalilin da aka ba ta shi ne littafin ya cika zama na Afirka, mai karatun Ingila ba zai iya da shi ba. Sunaye sun yi yawa kuma suna da wuyar faɗa, kalmomin Luganda, harshen Baganda, ba a fassara su ba, babu wani Bature da za a bi a baya ya nuna hanya. Babban abin kuma, ta tsallake zamanin mulkin mallaka kusan gaba ɗaya. Daga ƙarni na 18 ta yi tsalle zuwa Yugandar bayan 'yanci.

A nan nake ganin jarumtarta take. Tun daga littafin Chinua Achebe na 1958, Things Fall Apart, kasuwar Turai ta saba da wani fasali: Afirka na zaune, Bature ya zo, komai ya wargaje. Fasali ne mai gaskiya a cikinsa, amma yana mayar da Bature tsakiyar labari ko da zaginsa ake yi. Makumbi ta lura cewa da zarar Turai ta shigo cikin littafi, idon mai karatu can yake komawa. Sai ta rufe wannan ƙofa, ta bar Baganda da junansu: sarakunan da ke kashe 'yan'uwansu don gadon sarauta, mazan da al'ada ta ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinsu, laifin da aka yi a gida aka ɓoye a gida. Wanda ya rubuta haka ya ɗauki mutanensa a matsayin cikakkun mutane, masu iya yin ɓarna da hannunsu da kuma neman gyara da hannunsu. Da ta so, da ta rage sunaye, ta saka ƙamus a bayan littafi, ta ƙirƙiro wani ɗan mishan ta jefa a tsakiya. Ba ta yi ba.

Mafita ta zo ne daga Nairobi. Kwani Trust, cibiyar adabin da Binyavanga Wainaina da abokansa suka kafa bayan ya ci gasar Caine a 2002, ta shirya gasar littattafan da ba a taɓa bugawa ba, ga marubutan Afirka na gida da na waje. A 2013 aka ce rubutun Makumbi ne ya zo na ɗaya. Edita Ellah Wakatama Allfrey ta yi aiki a kansa, Kwani ta buga shi a 2014. Masu karatu a Yuganda da Kenya suka rungume shi, aka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu, ya kuma shiga jerin farko na gasar adabi ta Etisalat da ake gudanarwa daga Nijeriya. Littafin ya yi suna a gida tukuna, shekara uku cur kafin wani kamfani a Amurka ko Ingila ya taɓa shi.

Labarin Nnam

Yanzu sai mu dawo kan gajeren labarin da ya ci gasar 2014, domin a ganina a cikinsa ne aka fi ganin hannunta. Sunansa Let's Tell This Story Properly, ma'ana a ba da labarin nan yadda ya kamata.

Nnam 'yar Yuganda ce mai aiki a Manchester. Mijinta Kayita ya faɗi ya mutu a banɗaki yana da shekara 45. Ta yi abin da kowace matar kirki za ta yi, ta ɗauki gawa ta kai gida. Tun kafin aure ya gaya mata cewa ya taɓa zama da wata mace a Yuganda har sun haihu, amma an rabu. Da ta sauka sai ta tarar ba a rabu ba. Matar tana nan a matsayin matar aure, ta ci gaba da haihuwa da shi a shekarun da yake zuwa hutu, kuma tana zaune ne a gidan da aka gina da gumin Nnam. Dangin miji duk sun sani. A wurin makoki waccan ce matar mamaci, Nnam kuwa an mayar da ita kamar wata baƙuwa da ta rako gawa.

Sai ga wani ayarin mata manya sun shigo zaman makokin, irin matan nan da suka ga jiya suka ga yau, ba sa tsoron idon dattawa. Ana cikin jawabai na rufa-rufa, ɗayarsu ta miƙe ta nemi a ba da labari yadda yake. Aka shiga lissafi a gaban jama'a: wa ya biya kuɗin kawo gawa, wa ya gina gida, da kuɗin wa aka ci aka sha shekara da shekaru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abubuwa uku nake so mai sha'awar rubutu ya duba a nan, kuma na farkon ya fi sauran nauyi. Labarin bai tsaya yin Allah wadai da auren mace fiye da ɗaya ba, wanda shi ne abin da mai karatun Turai zai zata, ya kuma so. Da Kayita ya fito fili ya ce yana da uwargida, da magana ta zama wata. Ciwon Nnam ƙarya ce, da haɗin bakin dangi, da yadda aka mayar da ita saniyar tatsa don tana ƙasar waje. Wannan bambanci ɗan gida ne kawai zai kama shi da sauri, kuma ɗan gida ta rubuta wa. Duk garin da ke da 'ya'ya a ƙetare masu aiko da kuɗin gini ya san irin wannan labari, ya san filin da aka ce an saya ba a saya ba, da ginin da ke tashi a hoto kawai.

Na biyu, ceto bai zo daga kotu ko ɗan sanda ko wata dokar Ingila ba. Daga cikin al'adar ya fito, ta bakin mata, a dandalin da al'adar ta tanada don magana. Na uku kuma shi ne fasali. Labarin yana farawa ne bayan komai ya wuce, Nnam tana gidanta na Manchester ita kaɗai, ta sake wa ɗakuna fenti tana goge duk wata alama ta mijin. Warin fenti ne ke tarbar mai karatu, sai a hankali ya gane abin da ake ƙoƙarin rufewa da shi. Akwai ban dariya a ciki, mai ɗaci, irin wanda ake yi a gidan mutuwa idan dare ya yi.

Wani abin lura shi ne ba a sanya sunan marubuci a kan labaran da alƙalan wannan gasa ke karantawa. Labarin ne ya tsaya da ƙafarsa. Gasar kuma tana karɓar labarin da aka fassara zuwa Turanci daga kowane harshe, abin da ya kamata masu rubutu da Hausa su sani.

Bayan ƙofa ta buɗe

Daga nan abubuwa suka zo a jere. A 2017 wani ƙaramin kamfani a Kalifoniya mai suna Transit Books ya buga Kintu a Amurka. A 2018 Oneworld ya buga shi a Ingila, ƙasar da aka ce ba za a iya karanta shi ba. A wannan shekarar ce kuma aka ba ta kyautar Windham-Campbell ta Jami'ar Yale da ke Amurka, dala 165,000. Ba a neman wannan kyauta, ba a ma sanar da mutum cewa ana duba aikinsa, sai dai kawai ya ji saƙo. Ga marubuciyar da ta kai shekara 50 ba ta taɓa rayuwa da kuɗin rubutu ba, wannan kuɗi lokaci ya saya mata, wato damar zama ta yi rubutu ba tare da tunanin kuɗin haya ba.

A 2019 ta fitar da tarin gajerun labarai 12 mai suna Manchester Happened, wanda a Amurka aka sa masa sunan labarin Nnam. Ta raba shi gida biyu, na masu tafiya da na masu komawa. A ciki akwai wani ɗan Yuganda a Manchester ta shekarun 1950 da ya haihu da Baturiya aka ba da ɗan riƙo ba da yardarsa ba. Akwai mace mai aikin binciken fasinjoji a filin jirgin sama. Akwai labarin da karen titi daga Kampala ne ke ba da shi da bakinsa bayan ya tsinci kansa a Ingila. Akwai yaron da aka haifa a Manchester ya dage sai an kai shi an yi masa kaciyar gargajiya ta mutanen Masaaba a bainar jama'a. Kashi na biyu ya fi taɓa ni, domin ta nuna cewa komawa ma wata hijira ce. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma mutanen labaranta suna gane haka ne a filin jirgin Entebbe na Yuganda ko a tsakar gidan da aka haife su. Ba duka labaran ne ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai biyu ko uku da nake jin an ja su sun yi tsawo, kamar marubuciyar dogon labari ce ke ƙoƙarin shiga ƙaramin ɗaki. Amma ko a waɗannan, maganar mutanenta tana da rai.

Sannan sai ta koma ta ɗauko littafin nan na farko da aka yi ta ƙi. Ya fito a 2020 da sunan The First Woman, a Amurka kuma A Girl Is a Body of Water. Labarin Kirabo ne, yarinyar ƙauyen Nattetta a zamanin Amin, mai neman uwar da ta haife ta, da wata tsohuwa makauniya Nsuuta da ake kira mayya, wadda ke koya mata tarihin mata ta hanyar tatsuniya. A ciki ta yi amfani da kalmar Luganda, mwenkanonkano, don fafutukar daidaiton mata, tana nuna cewa kakanninta mata ba su jira wani ya zo daga waje ya koya musu ƙin zalunci ba. Littafin ya ci kyautar Jhalak a Birtaniya a 2021, kimanin shekara 20 bayan rubuta shi na farko.

Inda lamarin bai warware ba

Zan yi rashin adalci idan na tsaya a nan kamar komai ya yi daidai. Makumbi ta zaɓi ɗan Yuganda a matsayin mai karatunta, amma da Turanci take masa magana. Turanci ne da ta lanƙwasa shi ya ɗauki karin Luganda, ta cusa masa kalmomi da karin magana ba tare da neman afuwa ba, amma dai Turanci ne. Tsohuwar da ke Buddu, wadda daga bakin irinta aka samo tatsuniyar, ba za ta iya karantawa ba. Marubutanmu na Kano da ke rubutu da Hausa ba su da wannan matsala, mai karatunsu yana bakin ƙofa. Tasu matsalar ita ce ta fita waje. Ita kuma ta fita wajen, sai dai littafin da aka buga a Landan idan ya iso kantin Kampala kuɗinsa ya fi ƙarfin malamin makaranta irin wanda ita ta taɓa zama.

Kuɗin da ya 'yantar da ita ma daga Yale ya zo, ita kuma a Manchester take zaune, ta kuma koyar da rubutu a jami'ar da ta yi digiri na biyu. Ban ɗauki wannan laifinta ba. Mace ta yi shekara fiye da 10 tana ƙin sauya muryarta don kasuwa, ba ni da bakin ce mata ta ƙi kyauta. Abin da ke damuna shi ne tsanin da ta taka ta hau. Ba don Kwani ba, da wataƙila Kintu yana cikin kwamfuta har yau, kuma ba don ya fara yin suna a Nairobi da Kampala ba, da kamfanonin waje ba su waiwaye shi ba. Alƙalan Afirka da editar Afirka da masu karatun Afirka ne suka fara cewa wannan littafi ne.

To ina tsanin yake yanzu? Gasar Etisalat ta sauya suna zuwa 9mobile, daga baya aka daina jin ɗuriyarta. Binyavanga Wainaina ya rasu a watan Mayun 2019, Kwani kuma ta yi sanyi tun kafin nan. Gasar rubutun da ba a buga ba, wadda ta fito da Makumbi, mutum bakwai ne suka kai zagayenta na ƙarshe. Cikinsu akwai Ayesha Harruna Attah ta Gana, da Toni Kan na Nijeriya, da wata matashiya 'yar Nijeriya da ba a san ta ba a lokacin, Ayobami Adebayo, wadda rubutun da ta shigar ya fito a 2017 da sunan Stay With Me aka fassara shi zuwa harsuna da dama. Wannan duka daga zagaye ɗaya ne na gasar, kuma tun daga 2013 ba a sake shirya ta ba.